Abin da Ya Koɗar da Latas ɗin Malam

A bayan gidan wani malamin makaranta a Sakkwato akwai bututun roba huɗu da aka huhhuda aka jera a kan katako. Cikin kowace huda latas ne a zaune, babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Ƙaramin famfo ke turo ruwan taki daga durom, ya bi ta saiwoyi ya koma. Duk damina ganyen kore shar. Ana shiga Nuwamba sai ya fara koɗewa.

Malam ya fara zargin yunwa, ya ƙara taki. Shiru. Da ya duba da kyau sai ya ga zargin bai zauna ba. Idan naitirojin ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara rawaya, domin shuka tana kwashe shi daga jikinsu ta kai wa sabon toho. A nan kuwa tsofaffin lafiya lau, ƙananan na tsakiya ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore. Wannan alamar rashin sinadarin ƙarfe ce. To amma takin da yake zubawa yana ɗauke da ƙarfe. Ina yake tafiya?

Ya ɗaga shukokin ya duba saiwa, ko ruɓewa ta hana su sha. Fari tas, babu wari, babu yauƙi.

Bakin zaren daga kicin ya fito. "Malam," in ji uwargida, "tun da ruwan tanki ya ƙare muka koma na rijiya, butar shayi sai farin ɓawo take yi." Lallai kuwa, da ruwan saman da yake tarawa a tanki yake cika durom, sai da ya ƙare bayan damina ya koma na rijiya. Yankin Sakkwato kuma yana kan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, ruwan da ya ratsa shi yakan fito da nauyi, wato ɗauke da farar ƙasa.

Ya tsoma takardar awon tsami a durom, ta nuna kusan 8, wato ruwan ya rasa tsami. Shukar cikin ruwa tana son 5.5 zuwa 6.5. Da zarar awo ya haura 7, ƙarfe yakan fita daga ruwa ya kwanta, saiwa ba ta iya zuƙarsa. A gindin durom ɗin kuwa ga laka ja-ja kwance.

Da ya zuba ruwan lemun tsami a durom, awon ya sauka, amma kafin gari ya waye ya sake hawa. Sai ya koma ga asid na fosforas, ɗigo-ɗigo, yana aunawa kowace safiya, wanda a ganina shi ne aikin da bai kamata mai irin wannan noma ya yi sakaci da shi ba. Ya kuma sayi ƙarfe nau'in EDDHA, mai jure ruwa mai nauyi. Sabon toho ya fito kore. Yanzu yana haɗa tanki na biyu, don ruwan sama ya kai shi bazara.