Idan Kwamfuta Ta Daskare, A Binciki Layin Katse Hanzari

Babu abin da ya kai ɓacin rai irin mutum ya kusa gama aiki kwamfuta ta daskare, linzami ya ƙi motsi, sai an kashe ta an sake kunnawa. Da yawanmu nan take sai mu ce ƙwayar cuta ce, mu kai wa mai gyara ya goge komai. An biya kuɗi, an yi asarar takardu, bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Alhali wani lokacin na'urori biyu ne kawai ke rigima a kan layi ɗaya.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta bin na'urori tana tambayarsu ko suna da buƙata. Duk wadda ke son a saurare ta, sai ta aika sigina ta katse wa ƙwaƙwalwar hanzari. Layin da siginar ke bi shi ake kira IRQ. Kwamfutar IBM ta 1981 layuka takwas gare ta. A 1984 aka mai da su 16, daga 0 zuwa 15, kuma an riga an raba da yawa: 0 na agogon ciki, 1 na madannai, 7 na firinta, 14 na faifan ajiya.

A tsohon tsarin ISA, layi ɗaya na na'ura ɗaya ne. Ƙofofin COM1 da COM3 kuwa dukansu suna kan IRQ 4, shi ya sa wanda ya sa linzami a ɗaya, modem a ɗaya, yakan ga linzami ya sandare da zarar modem ya fara aiki. Maganin a lokacin shi ne a ciro katin a sauya masa lamba da hannu.

Tsarin PCI da ya fito a 1992 ya yarda a yi tarayya. Idan sigina ta zo, sai a tambayi direban kowace na'ura da ke kan layin, wato manhajar da ke tafiyar da ita, ko kiran nasa ne. In direba ɗaya na da lahani bai amsa nasa ba, layin zai yi ta kira ba ƙaƙƙautawa, ƙwaƙwalwa ta rasa sukunin yin wani aiki. Daskarewar ke nan. Linux, idan ya ga kira 99,900 cikin 100,000 babu mai amsawa, yakan rufe layin, duk na'urorin da ke kai su sami cikas.

To me za a yi? Da farko a lura da lokacin da abin ke faruwa: ana buga takarda ne, ko ana sauraren sauti, ko tun da aka sa sabon kati? Sai a duba rabon layuka. A Windows ana gani cikin Device Manager, a Linux kuwa cikin /proc/interrupts. Ganin na'urori biyu a lamba ɗaya bai isa hujja ba, sai an gwada. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a cire kati ɗaya, a kunna a gani. In ta lafa, a mai da katin wani gurbi, a sabunta direbansa, a kuma rufe ƙofofin da ba a amfani da su a cikin BIOS. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a gane mai laifi ba.

Sababbin kwamfutoci masu PCI Express sun rage wannan matsala ƙwarai, domin a tsarin MSI kowace na'ura tana aika saƙonta daban. Amma mai riƙe da tsohuwar na'ura a shago ko makaranta, ya nemi mai gyara ya yi wannan bincike tukuna, kafin ya yarda a goge masa faifai.