Gyaran tsohon kwale-kwalen katako: Inda kuɗin sabon mai jirgi ke zurarewa

Bayan girbin masara da auduga a yankin Funtuwa da Malumfashi, akan samu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da zai yi sha'awar zuba ɗan rarar kuɗinsa a harkar ruwa. Sai ya sayi tsohon kwale-kwalen katako da araha, da niyyar gyara shi ya damƙa wa masunci a madatsar ruwa ta Mairuwa ko Gwaigwaye ko ta Malumfashi, su riƙa raba abin da aka samu. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne farawa da fenti da sayen inji, alhali rayuwar jirgin tana ga katakon gindinsa.

Ruwan dam da ruwan sama sun fi ruwan teku saurin ruɓar da katako, domin gishiri yana rage yaɗuwar ruɓa. Jirgin da aka yasar a bakin dam, ruwan damina ya kwanta a cikinsa, yakan yi kyau a ido amma cikinsa ya zama kamar soso. Saboda haka kafin a biya kuɗi sai a kife shi, a bi shi da guduma. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum. Duk inda sukundireba ya shige ba tare da an matsa ba, wannan falanki ya tashi aiki. Wuraren da suka fi buƙatar dubawa su ne mahaɗar falankai, da kewayen ƙusoshi inda tsatsa ke cin itace, da kuma katakon baya da ake ɗaura inji a kai. Idan jirgin ya daɗe a kan ƙasa, sai a nemi alamun gara.

Wajen sauya falanki, masassaƙa sun fi yarda da maɗaci da kawo saboda jure ruwa. Farin katakon rufin ɗaki da ake samu a 'yan katako yana da sauƙin kuɗi, amma ba zai yi ƙarko ba. Haka ƙusa: wadda aka yi wa rufin hana tsatsa ita ce ta aikin ruwa. Kafintan kujera da gado, komai gwanintarsa, ba lallai ya iya lanƙwasa falankin jirgi ba. Gara a nemi shawarar Sarkin Ruwa na wurin, domin wannan sana'a ta fi ƙarfi a garuruwan bakin Kogin Kwara irin su Yawuri.

Toshe mahaɗa shi ne aikin da ke buƙatar haƙuri. Ana murɗa auduga, wadda ba ta wahalar samu a Funtuwa, a cusa ta a tsakanin falankai, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Sai dai katakon da ya sha iskar hunturu yakan tsuke, idan ya koma ruwa kuma ya kumbura. Wanda ya danna auduga da ƙarfi a busasshen jirgi na iya jawo falankai su banƙare daga baya. Shi ya sa ake barin jirgin cikin ruwa mara zurfi na 'yan kwanaki, ana kwarfe abin da ya shiga, kafin a yanke hukunci kan yoyonsa. Masu lulluɓe jiƙaƙƙen katako da faiba kuwa ɓoye ruɓa kawai suke yi.

Batun inji shi ne na ƙarshe. Tsohon injin Yamaha na buƙatar a gauraya masa fetur da mai daidai ƙa'ida, kuma in ba ya tsartar da ruwan sanyaya shi, a kashe shi nan take. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya kamata mai jirgi ya yi lissafi da kyau, don a ƙaramin dam filafili da gora kan wadatar da masunci.

Lamarin yana sauyawa da zarar aka ce jirgin zai ɗauki fasinja, musamman yara lokacin bukukuwan Sallah. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sanya rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su taron Maulidi. Lodin da ya fi ƙarfin jirgin aka ɗora wa alhakin hatsarin.