Daga Kurmi Zuwa KD: Yadda Muke Kiran Wurare

A tashar motar Gummi, da wuya ka ji ɗan kamasho ya ce Legas. Ikko zai ce. Dattijo kuwa in ya ce ɗansa ya tafi Kurmi, ya haɗa Badun da Anacha a kalma ɗaya. Mu matasa sai mu gutsure: KD, KT.

Wanda ya taɓa ba ni kunya shi ne "Zamfara". Kakata a Tungar Guru ta ce za ta Zamfara, na kwashe da dariya, na ce ai a cikinta take zaune. Ashe Anka take nufi, mazaunin Sarkin Zamfara. Sai a 1996 aka ciro jiharmu daga Sakkwato. Sunan ya girme ta nesa ba kusa ba.