Kayan Oda ta Waya: Yaushe Ake Mayarwa, Yaushe Ake Haƙuri?

Mota ta taso daga tashar Unguwa Uku, ta biyo titin Zariya, ta karya a Kwanar Ɗangora, ta sauke ƙunshi a Tudun Wada. A ɗauka ankon ƙawayen amarya ne, riguna goma sha biyu da aka yi oda wurin wata mai ɗinki a Kano da aka gani a Instagram. An tura kuɗi tun mako uku da suka wuce, biki kuma jibi. Da aka kwance leda sai aka ga leshin da ya fito ruwan toka a hoto ya iso ruwan ƙasa, riguna huɗu kuma ko kafaɗa ba su wuce ba. Aka buga waya, amsar ita ce wadda kowa ya haddace: "Hajiya, kayan oda ne, in ya fita ba ya dawowa."

Irin wannan ciniki ya zama ruwan dare daga Bebeji da Kiru har Doguwa. Uban amarya a Riruwai yakan zaɓi gado da kujeru a hoton WhatsApp, ya biya kafin alƙalami, kafinta ya haɗa a Kano a ɗoro a mota. Matan aure a Tiga kuma suna karɓar odar dubulan, alkaki da turaren wuta daga birni. Magabata sun hana cinikin biri a sama, ga shi yau birin ma ba a haife shi ba ake biyan kuɗinsa. To, wa ke da gaskiya idan rigima ta tashi?

Najeriya tana da doka a kan haka. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kaya a ba shi kuɗinsa cif, idan bai samu damar dubawa kafin a kawo ba, kuma kayan suka saɓa wa siffar da aka faɗa ko samfurin da aka nuna. Sashe na 132 ya ƙara da cewa idan kaya na da aibi, ana iya mayar da shi cikin wata 3 daga ranar da aka kawo, mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyansa take. Wannan ya haɗa da kuɗin mota, wanda ba ƙarami ba ne ga wanda kujerunsa za su ratsa dajin Falgore su koma Kano.

Rubuta "ba a mayar da kuɗi" a gindin rasit ba ya goge waɗannan haƙƙoƙi. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke cewa irin wannan sharaɗi na kamfanin motocin Peace Mass Transit ya saɓa wa doka, ta umarci ya biya fasinja diyyar naira 500,000, a kan tikitin naira 500.

Sai dai akwai inda masu saye ke wuce gona da iri. Idan tela ya ɗinka daidai awon da aka tura masa, da yadin da aka zaɓa, sai mai kaya ta ga wani salo a jikin wata ta ce ta fasa, wannan ba aibin kaya ba ne. Ko a Turai, inda dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da faɗin dalili ba, an cire kayan da aka yi musamman domin mutum ɗaya. Dalilin a fili yake: wa zai sayi rigar da aka yanka a kan jikin wani, ko kofin rabon biki da aka buga wa sunan ango da amarya? A nan gida, sashe na 120 ya yarda a soke oda, amma ya ba mai sana'a damar cire kuɗi daidai misali, gwargwadon yanayin kayan, da lokacin da aka sanar da shi, da yiwuwar samun wani mai saye. Wanda ya fasa kafin a sa almakashi ba ɗaya yake da wanda ya fasa bayan an gama aikin wuya ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ciniki, suna kiransa istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abin da babu shi tukuna. Sharaɗinsa shi ne a fayyace siffa ta yadda gardama ba za ta samu ƙofa ba. Kundin Majalla na Daular Usmaniyya, da aka kammala a 1876, ya tafi a kan cewa idan an ƙulla ba mai janyewa, amma in kaya ya saɓa siffa, mai saye yana da zaɓin karɓa ko ƙi. Doka da shari'a sun haɗu a wuri guda ke nan: abin da aka siffanta tun farko shi ne alƙali.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin siffar tasu ba ta wuce "yi mini irin wannan" ba. Kafin a tura ko sisi, ya kamata a rubuta komai a saƙo: sunan yadi da launinsa, awo da inci, irin katako, ranar kawowa, wanda zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi in an samu saɓani. A nemi bidiyon yadin a hasken rana, domin hoton waya yana ƙara wa kaya kyau. A ajiye shaidar tura kuɗi da lambar direba. Idan kaya ya iso, a buɗe shi a tasha gaban direba ana ɗaukar bidiyo, a kuma yi ƙorafi ranar. Wadda ta sa riga ta sha biki, sannan ta ce ba ta yi mata ba, ta raunana hujjarta da kanta.

Rubutun nan yana kare mai sana'a ma. Telan da ya sa mai kaya ta tabbatar da awonta a rubuce, ko kafintan da ya tura hoton gado kafin fenti aka ce masa "ya yi", ba mai tilasta masa ɗaukar asarar sauyin ra'ayi.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a fara da sulhu ta hannun shugabannin ƙungiyar teloli ko kafintoci, ko ofishin Hisbah. In bai yiwu ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, akwai shafin karɓar koke na FCCPC a intanet, akwai kuma kotu. Duk inda aka je, abin da za a fara tambaya shi ne saƙonni da rasit, don haka kada a goge hirar waya sai kaya ya iso an duba an gamsu.