Sassaben zamani: Yadda manoman Agiye, Gazawa da Gidan Runji suka riga duniya shirin zafi da tsadar mai

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maradi zuwa Damagaram a watan Maris, zai ga abin da bai dace da labarin da aka saba ji kan Nijar ba. Daga Cadawa zuwa Agiye har Gazawa, gonakin gero ne a bushe kamar ko'ina, amma a cikinsu akwai itatuwa birjik: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Tohon tsofaffin kututtura ne da manoma suka daina sarewa.

A yankin ana kiran wannan aiki sassaben zamani. Shekara 40 ke nan ana yinsa, kuma shi ne babban abin da mutanen karkarar jihar Maradi ke dogaro da shi a yanzu da damina ta zama ba ta da tabbas, man fetur kuma ya fara zama abin nema ko a ƙasar da ke haƙo shi.

Shekarun da suka tona asiri

Daminar 2024 ta nuna inda aka dosa. Hukumomin Nijar sun ce ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasar, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma Maradi na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun rushe, wasu kuma mutanen da gidajensu suka faɗi ne ke kwana a ciki. A wasu shekarun matsalar akasin haka ce: ruwa ya sauka, a yi shuka, ya ɗauke mako uku, a sake neman iri.

Ta ɓangaren makamashi ma an ji jiki. Shekara da shekaru ƙauyukan kan iyaka suna rayuwa da man Najeriya mai rahusa, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, arahar ta tafi. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wutar lantarkin da Nijar ke samun mafi yawan abin da take amfani da shi daga gare ta. A watan Maris na 2025 kuma aka shiga dogayen layuka a gidajen mai, domin matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar nauyin kasuwar da man sumoga ya bar mata.

A Ingila, mutanen garin Totnes sun fara wani yunƙuri a 2006 na shirya garinsu don ranar da mai zai yi ƙaranci kuma yanayi ya sauya, har abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Manoman Maradi ba su kafa ƙungiya da wannan suna ba, ba su kuma zauna taro kan ƙarewar mai ba. Yunwa ce ta sa su a hanya, tun kafin a haifi mafi yawan masu karanta wannan labari.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A shekarun 1970 da farkon 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal. Noman gyaɗa ya ci daji, fari ya biyo baya, malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Iska kan binne shuka da rairayi. Mata kan yi tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abincin da ƙasa ke buƙata.

Akwai kuma doka. Tun zamanin Faransa itatuwa mallakar gwamnati ne, kuma ma'aikatan gandun daji na iya cin tarar manomi kan itacen da ya tsiro a gonarsa. Mai hankali a lokacin shi ne wanda ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana.

Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya yi shekaru yana raba dashe yana kallonsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan ganyayen da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon itatuwa ne da saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Dabarar da ya fara gwadawa da manoma kaɗan ba ta da wuya: a kowane kututture a zaɓi rassa mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a sassabe sauran, a riƙa yi musu aski, a kare su daga dabbobi da gatari. Tun da saiwar ta riga ta kai ga laima, tohon kan yi girman da dashe ba zai yi ba.

Da yunwar 1984 ta zo, wadda tsofaffi a yankin ke kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a ƙauyuka kusan 100. Da agajin ya ƙare, mafi yawan mutane suka sare nasu. Kaɗan da suka bari su ne suka ga bambanci: ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabbobi a bazara, gero kuma bai ragu ba. Daga nan maƙwabci ya fara kwaikwayon maƙwabci, ba tare da wani ya biya shi ba.

Bayan shekara 20, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam. Ƙiyasinsu shi ne hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. Wasu masana na ganin alƙaluman hatsin sun yi yawa, suna kuma tunatar da cewa ruwan sama ya ɗan dawo bayan 1990. Amma babu mai musun itatuwan, domin suna nan a tsaye. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Abin da Ɗan Saga ya ƙara

Barin itace abu ne mai sauƙi. Hana wani ya zo da dare ya sare shi ne aikin. A nan ne ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye ya yi suna. Da tallafin ayyukan asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, FIDA, musamman shirin PPILDA da ya fara a tsakiyar shekarun 2000, mutanen ƙauyen da na kewaye suka kafa kwamitocin sa ido. Suka sa mata a ciki, domin su ne masu neman itace. Suka sa makiyaya, domin su ne ake zargi da sassabe rassa. Aka yanka tara, aka amince da wanda zai karɓa, daga baya aka buɗe kasuwar itace ta ƙauye inda manomi ke sayar da rassan da ya aske daga gonarsa.

Wannan ne ya sauya lissafi. Itace ya koma kamar akuya: ana kiwonsa, ana sayarwa ranar buƙata. A yunwar 2005, lokacin da hotunan yaran Maradi suka cika gidajen talabijin na duniya, masu bincike sun ruwaito cewa ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi jurewa, saboda sun sayar da itace da ganye sun sayi hatsi.

Doka ta biyo baya a hankali. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa manomin da ya raya itace a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. An ɗauki shekara 37 kafin takarda ta tabbatar da abin da ƙauye ya riga ya yanke.

Ina alaƙar wannan da mai? Tana cikin buhun taki. Takin yuriya daga iskar gas ake yinsa, shi ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Gawo kuwa taki ne da ba ya bin jirgin ruwa. Yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, su kwanta a gindinsa su bar kashi. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili. Haka ma girki: tukunyar gas ta shiga gidajen birni, amma a ƙauye itace ne, kuma gidan da ke da shi a gona ba ruwansa da layin mai.

Rumbun mata da irin gaggawa

Itace kaɗai ba ya kai gida kaka. Bayan 2005 aka yawaita rumbunan tsimi da mata ke riƙe da makullinsu. Ana buɗe su a tsakiyar damina, lokacin da hatsin gida ya ƙare kuma maigida ke shirin barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A ba gida bashin gero, a biya da kaka da ɗan ƙari. Tsarin ya zauna da gindinsa ne saboda matan yankin sun saba da asusu: a nan Maradi ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin adashin da yanzu ake kwaikwayo a ƙasashe da yawa.

Akwai kuma iri mai saurin nuna, kamar geron HKP na cibiyar binciken noma ta INRAN, da buhunan PICS masu ruɓi uku da ke adana wake ba tare da magani ba. A fadamun Gulbin Maradi, inda ake noman zogale da kayan miya, wasu masu lambu sun mayar da injinan ban ruwansu zuwa gas, masu hali kuma suna sayen na hasken rana. Tsadar sayensa ce ke hana da yawa, kuma a nan kuɗin 'yan ci-rani ke shigowa. Ɗan da ke Kano, Legas, Agadas ko Libiya kan turo kuɗin buhun gero duk bazara. Kuɗin faranti da famfo ya fi nauyi a tashi ɗaya, amma ba a maimaita shi kowace shekara.

Wanda ba shi da gona fa?

Iyakar wannan nasara a fili take: sai mai ƙasa ke da itace. Ƙidayar 2001 ta samu mutum miliyan 2.2 a jihar Maradi, ta 2012 ta samu miliyan 3.4. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabawa. Idan gandu ya matse, abin da ake fara karɓewa shi ne gamana, ɗan filin da ake ba mace ko saurayi. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2006 ya nuna yadda ake fitar da matan kudancin Maradi daga noma ta wannan hanya. Matar da a da take tsintar itace kyauta a daji, yau kowane itace da mai shi, sai ta saya ko ta roƙa.

Makiyaya ma suna da nasu ƙorafin, domin gonaki sun cinye makiyaya da burtali. Mutanen Gidan Runji ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoban 1991 aka kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, a rikicin manoma da makiyaya. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar sun taimaka wajen shata burtali, amma duk shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci sai zaman ya yi tsami.

Sannan ga matsalar da ba ta fito daga sama ba. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Runji suna gudun 'yan bindiga. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Yare ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya, shi ya sa aka karɓe su hannu biyu. Sai dai kowane sabon murhu itace yake ci, kuma baƙo ba shi da kututturen da zai raya. A ƙauyukan bakin iyaka kuma, inda ake satar shanu da mutane, manomin da ke tsoron zuwa gonarsa ta nesa ba zai je aske kalgo ba, balle ya yi gadinsa.

A gabas, wajen Agiye da Gazawa, abin da ke gaban kwamitocin ya fi kama da na yau da kullum: birnin Maradi na ƙara girma, amalanken itace na ƙara yawa a kan hanya, farashi na jan hankalin mai gona ya sare fiye da abin da ya toho. Samarin da ya kamata su gaji aikin kuma da yawansu suna tafiya da zarar an gama girbi, daidai watannin da ake sassabe, ba sa dawowa sai hadari ya haɗu.