Ga Goyo Ga Ciki: Halin Yaron Da Aka Sauke A Ƙasar Michika

A ƙasar Hausa, idan mace ta ɗauki ciki alhali kuwa ba ta yaye na bayanta ba, sai a ce ta yi kwanika, waɗansu kuma su ce gwarne. Da zarar ta haihu sai ga yara biyu a hannunta, ɗaya jariri, ɗaya kuma bai daɗe da fara tafiya ba. A irin wannan gida hankalin kowa yakan koma kan jaririn, domin shi ne baƙo, shi ake yi wa barka da suna da ɗinki. Amma likitoci da unguwarzoma sun daɗe da lura cewa babban ma yana shiga haɗari a watannin nan, watau wanda aka sauke daga baya aka kuma cire masa nono ba shiri.

Wannan matsala ta game ƙasa duka, birni da ƙauye. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar cikin 2018 ya nuna cewa ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu da ta biyo bayan wata, takan zo ne kafin a cika shekara biyu da ta farkon. Ya kuma nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. Amma a cikin waɗanda aka haifa da tazarar da ta gaza shekara biyu, adadin ya kai 183.

Aikin uwa a gindin dutse

Michika tana arewacin Jihar Adamawa, kan hanyar da ta tashi daga Mubi ta nufi Madagali, a gindin duwatsun Mandara waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. Mafi yawan mutanenta Kamwe ne, waɗanda maƙwabta ke kira Higi, kuma an san su da ƙwazon noma da fatauci. Hausa ce harshen kasuwa a tsakaninsu da sauran jama'a. Suna noman dawa da masara da gyaɗa da wake, har a jikin dutse inda ake jera duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa.

A wuri irin wannan mace ba ta zaman ɗaka. Tana shuka, tana noma, tana ɗebo ruwa da itace, ga girki, ga kasuwa. Bayan mace kuwa ɗaya ne, ba ya ɗaukar goyo biyu. Saboda haka idan damina ta kankama, jariri shi ke bin uwa gona, ɗan shekara ɗaya da rabi kuma a bar shi gida hannun yayarsa wadda ita ma wataƙila ba ta wuce shekara bakwai ba. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, watannin da aikin gona ya fi yawa, daga Yuli zuwa Satumba, su ne watannin da rumbu ke yin ƙasa, sauro ke yawaita, ruwan sha kuma ke gurɓata. Yunwa da zazzaɓi da gudawa sukan haɗu a lokaci guda, su tarar da yaro ba nono a bakinsa, ba uwa a kusa da shi.

A da akwai hannuwa da yawa da ke tallafa wa mai jego: kaka, da gwaggo, da kishiya, da matar wa ko ta ƙane, duk a gida ɗaya ko a unguwa ɗaya. Cikin watan Satumba na 2014 'yan Boko Haram suka kame Michika, suka zarce Mubi cikin Oktoba, kuma sai cikin Janairu na 2015 sojoji suka ƙwato Michikan. Jama'a suka watse, waɗansu kan duwatsu, waɗansu Kamaru, waɗansu Yola. Da aka komo, gidaje da yawa ba su koma yadda suke ba: an rasa tsofaffi, an bar gwauraye da marayu, dangi sun rarrabu. Matan da ke haihuwa a yau, da yawansu 'yan mata ne ƙanana a lokacin gudun, kuma ba kowacce ce ke da tsohuwar da za ta karɓi yaye ba.

Cutar da ta samo suna daga kwanika

Sunan da likitocin duniya ke kiran cutar tamowa mai kumburi da shi, watau kwashoko, daga wannan hali ya samo asali. Wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Akara a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ita ce ta bayyana cutar cikin 1933, kuma cikin 1935 ta sa mata sunan da ta ji mutanen Ga na bakin teku suna kiranta da shi. Ma'anar sunan a wurinsu ita ce ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Ta lura cewa yaran da ake kawo mata an yaye su ne aka bar su da kokon masara tsurarsa.

Mutanen Nijeriya sun ga wannan cuta da idonsu a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Alamunta ba su ɓuya: ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya daina wasa, ya yi ta ƙananan koke-koke, ya ƙi abinci. Akwai kuma ɗaya nau'in tamowar wanda ba kumburi, sai dai yaro ya rame ya bushe har fuskarsa ta zama kamar ta tsoho. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan zare mai launi uku da suke auna damtsen yaro da shi. Idan kaurin damtsen ya gaza santimita 11.5, ya faɗa cikin ja ke nan, sai a sa shi a kan magani nan take.

Shin yaro yana shan ciki?

Dalilin da ya sa ake cire yaro daga nono rana ɗaya shi ne abin da aka gada, cewa nonon mai ciki ya ɓaci. Idan yaron ya kama gudawa ya rame, sai a ce ai ya sha ciki. Domin gudun haka ne iyaye na da suka tsananta cewa mai shayarwa ta nisanci ɗakin miji har ta yaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga cikin 1954, ta ba da labarin yadda matan zamaninta ke shayarwa shekara biyu suna kiyaye wannan doka. Al'adar ta yi amfani ƙwarai, gama ita ce ta riƙa ba uwa hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Amma dalilin da aka kafa ta a kansa bai tabbata ba a wurin likitoci.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne, nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan dai ragu, musamman idan ciki ya kai wata huɗu ko biyar, ɗanɗanonsa kuma ya sake, daga baya ya koma dakashi domin jaririn da ke tafe. Ramar da ake gani tana zuwa ne daga raguwar nonon ba tare da an cike gurbinsa da abinci mai kyau ba, gudawar kuwa daga ruwa da kwano da hannu marasa tsabta. Malaman Musulunci ma sun san wannan magana, domin ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Alƙur'ani kuma ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa.

Saboda haka mace mai lafiya da ta ga ciki alhali tana goyo, tana iya ci gaba da shayarwa tana janye yaron sannu a hankali. Wadda ke ganin jini, ko mai ciwon mara, ko wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko mai cikin tagwaye, ita ce za ta nemi shawarar asibiti tukuna. Yayen da ake yi na rana ɗaya, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauke yaro a kai shi wani gari, yakan raba shi da abincinsa da uwarsa a dare guda, kuma yara da yawa daga nan suke ƙin cin abinci.

Kwanon babba daban

Cikin yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe zuwa dare. Wanda ke shan nono yana bukatar abinci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Wanda aka yaye kuwa sau huɗu ko biyar. Idan aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun sheƙe tuwon. Ya kamata a ba shi kwanonsa daban, kuma babba ya zauna da shi har ya ci.

Abincin da zai raya shi yana nan a rumbun Michika. Koko mai ruwa-ruwa ba ya ƙosar da yaro, amma idan aka dama shi da kauri, aka sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin waken suya, aka ɗiga man gyaɗa ko man ja, ya zama abinci sosai. Ga wake da aka dafa ya yi laushi, ga ƙwai, ga garin busasshen kifi, ga zogale da kabewa da gwanda. Maganar cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba ta da tushe, ta dai hana yara abin da jikinsu ke nema.

Shi kuma jariri, nono zalla ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba ya bukata, kuma dakashin farko shi ne rigakafinsa na fari, bai kamata a matse a zubar ba. Idan uwa tana shayar da su biyun, jariri ne farko. Ranar da za a kai shi rigakafi, a mako na 6 da na 10 da na 14, sai a tafi da katin babban, domin sau da yawa allurar ƙyanda ta wata tara takan shige wa yaro a cikin laulayin uwarsa. Su biyun su kwana cikin gidan sauro. Idan gudawa ta kama, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun kafin a isa asibiti.

Akwai kuma haɗarin cikin gida. Ɗan shekara biyu ba ya zama wuri ɗaya, ga murhu, ga tukunyar ruwan wankan jego, ga rijiya, ga kananzir a kwalbar lemo. Kada kuma a bar shi shi kaɗai da jariri, gama yana iya tura masa abinci a baki ko ya hau kansa, ba da mugunta ba. Idan ya koma fitsarin kwance, ko ya nace sai an goya shi, kishi ne irin na yaro, duka ba ya maganinsa. Abin da ke maganinsa shi ne a ɗauke shi, a yi masa wasa, a ce masa miƙo zanen ƙanenka, har ya gane ba a kore shi ba.

Rabon maigida da na unguwa

Ita uwar ma jikinta yana biyan bashi. Ciki da shayarwa suna zuƙe jini, kuma wadda ta shiga wani ciki kafin ta murmure ta fi fuskantar ƙarancin jini da haihuwar ɗa maras nauyi. Masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara cikin 2005 sun ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Mata da yawa sun dogara cewa shayarwa tana hana ciki. Tana hanawa, amma sai sharuɗɗa uku sun cika gaba ɗaya: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma uwa ba ta soma ganin al'ada ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kwanika na iya shigowa. A nan ne ya kamata miji da mata su je asibiti tare su ji hanyoyin tazarar haihuwa, tun da yake dokar nan ta shekara biyu ba kowane gida ke iya riƙe ta ba a yau.

Maigida kuwa aikinsa bai tsaya ga ragon suna ba. Shi ne zai ware gyaɗa da waken yara kafin a kai sauran kasuwa, ya rage wa matarsa aikin gona a watannin ƙarshe na ciki da na jego, ya kuma ja babban a jiki da maraice har ya saba da barci a wajensa tun kafin a haihu.

Wannan yanki yana da abin koyi a tarihinsa. Cikin shekarun 1970 aka kafa shirin nan na Lafiya a Garkida, ƙarƙashin mishan ɗin da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito daga cikinsa, inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a koya musu kiwon lafiya, su koma su koyar da jama'a ta hanyar labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Irin wannan aiki ne ake bukata yanzu daga zumuntar mata a majami'u, da makarantun Islamiyya na matan aure, da masu unguwanni daga Bazza har Garta: a san gidan da aka yi kwanika, a sami wadda za ta riƙa leƙa babban da rana, a auna damtsensa kowane wata har ya cika shekara uku. Masu zuwa barka kuma, bayan turmin zane da sabulun jariri, su riƙa tafiya da kwanon gyaɗa ko ƙwai biyu domin yayansa.