Maradi: Gyaran gari daga bakin magudanar ruwa yake farawa

In aka tambayi mazauna Zariya ko Mokoyo abin da zai gyara Maradi, da yawa leda za su fara ambata. Ita ke toshe magudanai, ruwan damina ya rasa hanyar Gulbi, ya kwanta a gindin katangun laka har su zube, sauro kuma ya samu wurin haihuwa.

Tun 2014 doka ta hana ledar nan a Nijar, amma har yau tana kasuwa.

Shawarar mutane ita ce: 'yan fada su yashe magudanai kafin ruwan farko, kowane gida ya ba mai amalanke ɗan abin kwasar shara, magajin gari ya ware wurin zubarwa. 'Yan uwa na waje kuma, ko shebur da baro kuka aiko, taimako ne babba.